Ita Ruwa Biyu, Ni Ruwa Ɗaya

Jiya da la'asar ina zaune a bayan labule sai ƙanshin daddawa ya shigo ta taga. Ban san daga wane bene ya fito ba, domin a wannan gini na unguwar Zahir ban san kowa ba, kuma ba a so kowa ya san da zamana. Ɗan kaɗan ne, iska ta kawo shi ta wuce da shi, amma ya isa ya ɗauke ni cak ya dire ni a tsakar gidan Kakata.

Ka yi haƙuri mai karatu idan zancena ya riƙa tsalle. Ban gama dawowa hayyacina ba tun abin da ya same ni a kasuwar Utaibiyya, kuma har yanzu in aka taɓa ƙofa sai in nemi wurin ɓuya. A Makka aka haife ni, ban taɓa kwana a wani gari ba, amma ba ni da igama, wato takardar izinin zama. Duk ranar da aka kama ni, jirgi za a sa ni a kai ni ƙasar da ban taɓa gani ba sai a waya. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Sai dai ba labarin tsoro na zauna in ba ka ba. Labarin ƙyashi ne, da wata kalma da na fara ji tun ina ƙarama, wadda har yau ban gama da ita ba.

Gidanmu yana can saman dutse a bayan titin Mansur, inda mota ba ta shiga, sai dai a hau matakala ana haki. Hosh muke ce masa, tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, rufin kwano, igiyoyin shanya sun sarƙe kamar yanar gizo. Mu Kanawa muna ɗakin ƙurya. Kusa da mu wata tsohuwa ce Bazabarma mai sayar da turaren wuta. Akwai Barebari, akwai mutanen Burma da suka kama ɗakin ƙasa da 'ya'yansu rututu, a bakin lungu kuma ga shagon Bayamane, gaba kaɗan ga mai gasa burodin tamis wanda aka ce kakanninsa daga Bukhara suka zo. In azahar ta yi kowa ya ɗora tukunya, sai hancinka ya rasa na bi: daddawarmu, busasshen kifin mutanen Burma, hulbar Bayamane, duk su haɗu a ƙarƙashin kwano ɗaya suna dahuwa tare da mu. Mu yara Larabci muke yi a lungu, amma zagi kam kowa ya iya na harshe biyar.

Kakata ta zo aikin Hajji ne da mijinta tun tana da ƙuruciya. Ya rasu a nan, aka binne shi a nan, ta ce ita ba za ta bar shi shi kaɗai ba. 'Ya'yanta mata biyu. Babbar ita ce Ummata, ta auri Bakano irinmu marar takarda, aka kama shi aka mayar gida ina goye, bai sake samun hanyar dawowa ba. Ƙaramar kuwa wani direban motar alhazai ya aure ta, ɗan ƙasa, haifaffen Makka, wanda kakanninsa mutanen Jawa ne, wani tsibiri can gabas mai nisa. Su suka haifi 'yar'uwata, watanni kaɗan a bayana. A tabarma ɗaya muka yi rarrafe.

Ranar kitso na fara jin kalmar. Kaka ta gama nawa, kaina na zafi kamar an ɗaure shi da waya, ta jawo 'yar'uwata tsakanin ƙafafunta. Tana kamawa gashin na zamewa, tana kamawa yana zamewa, har ta yi tsaki. Tsohuwar Bazabarma tana gefe tana murza turare, ta yi dariya ta ce, "Hajiya, wahalar da kanki kike yi. Gashin ruwa biyu ai ba ya jin magana."

Na tambayi Kaka mene ne ruwa biyu. Ta ce shi ne wanda uwa jinsinta daban, uba jinsinsa daban, jini biyu suka haɗu a jiki ɗaya. Ta ce a can gida in za a faɗa sai an ɗan taɓe baki. "Amma a garin nan in kika ce za ki taɓe baki, bakin ne zai gaji. Bayamanen nan uwarsa Bahabashiya ce. Mai tamis matarsa daga Sham take. Limamin lungun nan, je ki dubi hancinsa ki dubi fatarsa ki gaya mini na ina ne. Garin nan kowa baƙo ne ya haife shi."

Na ce, "Ni fa?"

Ta dafa kaina ta ce, "Ke ruwa ɗaya ce. Bahaushiya gaba da baya, ba gauraye."

Ranar har yamma ina tafiya ina ɗaga wuya. Na ɗauka rawani aka naɗa mini.

Ba a jima ba na fara lura da yadda kalmar nan take aiki a hosh ɗinmu. In 'yar'uwata ta ture tuwo da miyar kuka ta ce ita shinkafa take so, sai a ce, a ƙyale ta, ruwa biyu ce. Ni in na ture, sai in kwana da yunwa. Ranar sallah in an yi mana ɗinki iri ɗaya, yadi ɗaya, tela ɗaya, matan hosh su taru a kanta suna tafa hannu, kai, ruwa biyu akwai kyau, tabarkalla. Ni kuma a ce mini kayan sun zauna. Gaskiya ne akan juya kalmar ta zama bulala. In ta yi rashin kunya za ka ji wata ta ce ai su ruwa biyu ba a san inda suka dosa ba. Ni ma na sha jifanta da ita in mun yi faɗa, ina zuba ido in ga ta yi kuka. Sau da yawa sai dai ta murguɗa baki ta ce, "To, biyu ai ta fi ɗaya." Har yau maganar nan tana yi mini yawo a kai.

Amma inda abin ya fi ci mini rai shi ne gaisuwa. Kaka ba ta wasa da gaisuwa. Kullum da safe sai na je bakin ƙofar ɗakinta na durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, ido a ƙasa, in ce ina kwana, in jira ta gama tambayata yadda na tashi kafin in miƙe. Ina nan durƙushe 'yar'uwata za ta zo da gudu ta tsallake ni, ta haye gado, ta sumbaci goshin Kaka irin na mutanen garin, tana cewa, "Sabahul khair ya Sitti," wato ina kwana Kaka. Kaka ta yi ta dariya tana ture ta, tana cewa ja'ira za ki karya ni.

Wata safiya na ce ni ma yau sai na gwada. Na shiga kai tsaye na hau gadon na miƙa baki. Kaka ta tare ni da mafici.

"Ke kuma fa? Wa ya koya miki lasar goshin mutane? Sauka ki gaishe ni."

Na ce, "Ai ita ma haka take yi."

Ta ce, "Ita gwiwarta rabi ta mutanen Jawa ce, ba ni da iko da ita duka. Ke taki gaba ɗaya tawa ce."

Na sauka na durƙusa, hawaye na ɗiga a siminti. Kuma ba ita kaɗai ba, duk wani babba Bahaushe ko Bazabarme ko Babarbare da na haɗu da shi a lungu, ko da jarkar ruwa ce a kaina, sai na kai ƙasa. Da rani simintin matakala yakan yi zafi kamar tanda, haka zan dafa shi da gwiwa. Har gwiwoyina suka yi baƙin kanta, suka koyi aikinsu da kansu, ba sa jiran umarnina. Na 'yar'uwata kuwa sumul, kamar ba a taɓa yin rarrafe da su ba. Nakan saci kallonsu in muna wanka.

Da azumi akwai al'adar musayar kwano kafin magariba. Kowane ɗaki ya zuba abin da ya dafa a aika wa maƙwabta, kuma kwano ba ya dawowa wayam. Mu biyu ake aika. Wannan lokaci ne mafi daɗi a shekara, rana ta yi sanyi, an yayyafa ruwa a lungu, ko'ina ƙarar suya. Amma ni da ɗacinsa nake tunawa. Matar Burma in ta buɗe ƙofa sai ta kama haɓar 'yar'uwata ta ce idanun nan irin nasu ne, ta cusa mata wani abu mai zaƙi a hannu. Bayamane ya ce 'yar ƙasa ce, ya ba ta alewa. Matan Hausawa su ce tamu ce, jikar Hajiya. Kowace ƙofa tana da rabo a jikinta. Ni kuwa a karɓi ƙosai a hannuna a ce, "A gai da Hajiya." Takan raba alewar biyu ta ba ni rabi, ban taɓa roƙo ba. In karɓa in tsotsa ina jin haushinta, haushin da ban san sunansa ba a lokacin.

Da muka isa shiga makaranta sai bambancin ya fito fili. Ita mota take zuwa ɗauka a bakin titi, da rigar makaranta a goge. Ni kuma in ƙara hawa sama, zuwa wata makarantar sa-kai da masu hali suka buɗe wa yara irinmu. Littattafan da ta gama da su nake gada, da zanen furanninta a gefen shafi. Da su na yi karatu har na gama sakandare, kuma in ba yabon kai ba, na fi ta ƙoƙari, ni nake yi mata lissafi in ta kawo ziyara. Domin kafin nan ubanta ya kwashe su sun koma Zahir, gidan bene mai na'urar sanyi. Ita ta wuce jami'a. Ni na koma gindin murhu ina taya Umma tuƙa tuwon da muke sayar wa alhazan gida in lokacin Hajji ya zo.

Kaka ta rasu cikin wani zafi mai tsanani. Ana saura kwanaki, na gaji da yi mata fifita na jingina da ƙofa, ta ɗauka na yi barci, na ji tana ce wa Umma, "Waccan hankalina a kwance yake a kanta. Wannan ce..." Ba ta ƙarasa ba. Sai a ranar na gane cewa ita ma ta san rawanin da ta naɗa mini ba ya tare rana.

Bayan rasuwarta aka zo aka shafa jan fenti a bangon lungunmu, daga baya motocin rusau suka hau dutsen. Hosh ya watse. Mutanen Burma suka yi nasu wuri, Bayamane ya koma ƙasarsu, tsohuwar Bazabarma ban san inda ta nufa ba. Ni da Umma muka kama ɗaki ɗaya a Utaibiyya.

To, yanzu ga abin da ya faru. In Hajji ya gabato bincike yakan tsananta, irinmu sai mu lafe a ɗaka. 'Yar'uwata ta yi aure, tana da tsohon ciki, ta zo ta ce lallai in raka ta kasuwa sayen kayan jariri. Na ce ina tsoro. Ta ce, "Haba Yaya, cikin abaya da nikabi wa zai san ki? Larabcinki ya fi nawa ma." Gaskiya ta faɗa. In na buɗe baki ba mai cewa ba 'yar gari ba ce. Na bi ta.

Muna cikin layin masu yadi sai muka ga mutane na gudu, masu talla na tattara kaya. Jami'ai sun tare bakin layin gaba da baya, ga doguwar mota an ajiye, ana zaɓen wanda aka ga dama a tambaye shi takarda. 'Yar'uwata ta matse hannuna ta ce kada in tsaya, kada in yi sauri, in ci gaba da magana. Na ci gaba da magana da ƙarfi, da Larabci, ina kushe wani yadi da muka gani. Mun kusa fita. Ba wanda ya dube mu.

Sai na ji an ce da Hausa, "Jikar Hajiya? Ke ce?"

Tsohuwar Bazabarma ce. Tana cikin layin waɗanda ake turawa mota, da ƙunshin turarenta a hammata, ta ƙara tsufa ta rame. Muryata ta gane.

Mai karatu, wallahi ban yanke shawara ba. Ban yi tunanin komai ba. Kawai na tsinci kaina a ƙasa, gwiwa biyu a kan kwalta, a tsakiyar kasuwa, bakina yana cewa, "Ina wuni, Iya." Babu 'yar garin nan da take gaisuwa haka. Duk wanda yake wurin ya san 'ya'yan su wa ke durƙusawa. Da na ɗago ido, wani jami'i ya riga ya juyo yana tahowa.

Ya ce in tashi. Ya ce igama.

Na ga motar, na ga Umma zaune tana jirana da abinci a rufe, na ga wani gari mai suna Kano da ban san ko mutum ɗaya a tasharsa ba. Fitsari ya kusa kufce mini.

Sai muryar 'yar'uwata ta tashi a kaina, irin tashin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta zaro katinta na 'yar ƙasa ta miƙa masa har kusa da hanci, ɗaya hannun ta buɗe gorar ruwa tana kwarara mini a ka. Da Larabci take faɗa: yayata ce, jiri ne ya kwashe ta, ba ka ganin zafin da ake yi? Maimakon ka taimaka ka tsaya kana tambayar takarda, ni da ciki haihuwa yau ko gobe?

Ya dubi hannunta fari, ya dubi nawa baƙi wuluk. Ya ce, "Yayarki?"

Ta ce, "Yayata. Mu 'yan Makka ne, gidanmu kowane launi akwai. Kai naku gidan launi ɗaya ne?"

Wani dattijo mai shago ya yi dariya ya ce wallahi yarinyar nan ta yi gaskiya, shi ma jikokinsa in sun jeru kamar an tara alhazai. Jami'in ya juya wajen tsohuwar, don ya ji ta kira ni. Ita kuwa ta kawar da kai, ta ce da gurɓataccen Larabcinta ido ne ya yaudare ta, ba ta san ni ba. Ta kama ƙarfen mota ta hau, ba ta waiwayo ba. Ya mayar wa 'yar'uwata katinta ya yi mana nuni da hannu mu wuce.

A mota tana riƙe da ni tana cewa ya wuce, ya wuce. Ya kamata a ce godiya ce ta cika mini zuciya, kuma akwai ta, Allah shaida ne. Amma abin da ya fara zuwa ba ita ba ce. Muryar nan ce. Yadda ta ɗaga murya a gaban mai kaki ba tare da ƙasa ta tsage ba. Na yi ƙyashin gashinta, na yi ƙyashin alewarta da motar makarantarta, amma duk wasan yara ne a kan wannan. Maganar da Kaka ta gaya mana ranar kitso, cewa garin nan kowa gauraye ne, ita ce ta cece ni. Sai dai a bakinta ta yi aiki. Da ni na faɗa, da yanzu ina can inda tsohuwar take.

Tun ranar nake gidanta, an ce in zauna har alhazai su watse. Ina kallon yadda zamani ya juya da kalmar nan. Abin da ake taɓe wa baki a da yanzu ado ne. A talabijin ana ta yabon Makka da cewa gari ne da ya tara kowane jinsi, ana nuna tsire da tamis da abincin Jawa a faranti ɗaya. A bangon falonta akwai hotonta na wani biki a jami'a, ta ɗaura zanen Kaka ta yafa mayafin dangin ubanta, an ba ta kyauta. Mijinta jikan mutanen Bukhara ne. Abin da za ta haifa ruwa nawa ke nan? Ba mai ƙirgawa yanzu. Yaran da ke tasowa ba su ma san kalmar ba, hosh ɗin da ake faɗinta a ciki ya zama wurin ajiye motoci. Ana son gauraye, amma wanda ya gauraya da mai takarda. Mu da muka zauna tsantsa, mu ne ragowar da ake sharewa.

Shekaranjiya ta shigo ɗakin da nake ta zauna a bakin gado, ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce mijinta ya yi ta bincike, ya samo hanya guda da zan iya samun igama. Za a yi mini fasfo na ƙasar iyayena, sannan a rubuta ni a ƙarƙashinta, ita ce mai ɗaukar nauyina. A matsayin shaggala. 'Yar aikin gida.

Ta ce, "Takarda ce kawai, Yaya. Wallahi ko cokali ba za ki ɗaga ba."

Na ce, "In ban ɗaga ba wa zai ɗaga, ke da wannan tulun a gaba?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Na kira Umma a waya na gaya mata. Ta ce, "Karɓi, 'yar nan. Ni dai in na mutu ki kasance kusa."

Don haka zan zauna. Zan yi tafiya a titin Mansur ba tare da waige-waige ba, zan je Harami in yi ɗawafi ba sai na leƙa bakin hanya ba, a garin da aka yanke mini cibiya, a matsayin baƙuwar da ƙanwarta ta ɗauko aiki daga wata ƙasa. Na ce mata to. Ta rungume ni ƙam, cikinta ya tokare nawa, na ji ɗan yana motsi. Allah Ya yafe mini, shi ma da bai ko fito duniya ba, sai da na ji ina yi masa ƙyashi.